Duniya Bakwai a Rumfar Kifi

Aling Pasing ta tsaga cikin kifin, ta zaro hanjin ta jefa a bokiti, amma idonta na kan littafin da ta jingina da sikeli. A farar leda ta saka shi don kada ruwan kifi ya taɓa shi. Duk sanda za ta juya shafi sai ta wanke hannu, ta goge a tsumman da ke ƙugunta, ta zaro littafin, ta juya, ta mayar. Tun da gari ya waye take wannan hidima a kasuwar garin Marikina, ga shi tara ta gota ba ta wuce shafi na shida ba.

"Aling Pasing, ce miki na yi a yanka gida uku," in ji matar da ke jira da kwando.

"An yanka, 'yar nan."

Matar ta ɗaga kifin ta wutsiya. Yana nan ɗungurungum.

"Au! Yi haƙuri." Ta sare shi gida uku, ta jefa mata jatan lande biyu na ban haƙuri.

Mang Doming, mai kankare kwakwa a rumfar kusa, ya kashe injinsa ya leƙo. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, bai taɓa ganin ta riƙe takardar da ba ta naɗe kifi ba.

"Yau kuma makaranta aka koma? Aji nawa?"

"Bar tsiya ka zo nan. Kai da kullum kake cika mana kunne wai da komiks ka tashi, littattafan nan masu zane. Wannan mai jan mayafin, waye shi?"

Ya sauko da tabarau daga goshi. Nan take fuskarsa ta washe. "Ɗan Guguwa! Kai, ashe yana nan! Muna yara a bakin makaranta muke hayarsa, mu jeru kan benci mu biyar muna leƙen littafi ɗaya. Da tafi ɗaya yake juya hadari."

"Madalla. Wannan fa?"

"Shi ne dai."

"Wannan mai gemun kuma?"

Mang Doming ya matso da littafin, ya nisantar, ya karkata kai. "Shi ma shi ne. A'a, tsaya. A zamaninmu guda ɗaya ne."

"To yanzu su uku ne, kuma tun shafi na biyu suke jibgar juna. Na ce ko gado suke rabawa."

"Me aka rubuta a ƙasa can?"

A gindin shafin akwai ɗan rubutu kamar ƙafar tururuwa. Ta ƙanƙance ido ta karanta masa: "Don sanin dalili, duba Uwar Garwashi, fitowa ta talatin da bakwai."

"Kina da ita?"

"Ina da karfasa, ina da kifin bangus, ina da jatan lande. Ina zan samo fitowa ta talatin da bakwai?"

Mang Doming ya mayar da tabarau goshi. "Ni dai kwakwa na sani," ya ce, ya kunna injinsa.

Ba don jarumai masu tashi sama take wannan wahala ba. A bangon littafin, ƙarƙashin babban suna, Gamayyar Duniya Bakwai, an rubuta sunaye biyu. Na farko na marubuci ne. Na biyu, R. Macaraeg, na mai zane ne, wato Rowena, autarta, wadda kowa ke kira Weng. Shekara biyu ke nan da Weng ta ajiye karatun jinya tana aji uku, ta ce zane za ta yi. Ranar Aling Pasing ta faɗi maganganu da yawa, amma wadda ta maƙale kamar ƙaya ita ce, "Ban taɓa ganin wanda ya dafa takarda ya ƙoshi ba." Washegari Weng ta haɗa jaka ta koma unguwar Cubao wurin ƙawayenta. Tun daga nan sai waya ranar Lahadi: kin je coci, kin ci abinci, yaya gwiwar, to sai an jima. Ba faɗa, ba kuma hira.

Shekaranjiya sai ga ɗan babur da ambulan. Littafin ne, da 'yar takarda da rubutun hannun Weng, ta fara da Nay, wato Mama: "Nay, ranar Asabar ƙarfe biyu za a ƙaddamar. In kina da hali."

Hali akwai. Abin da babu shi ne abin da za ta ce in ta je. Ta san 'yarta sarai. In ta ce "ya yi kyau" alhali ba ta gane komai ba, Weng za ta gano tun ba ta rufe baki ba, kamar yadda ita take gane kifin jiya ta idonsa. In haka ne gara ma ta yi zamanta.

Duk da haka, sha ɗaya na yi ta bar wa ƙanwarta Sabel rumfar. Ta je gida ta dirje hannunta da lemun tsami har sau biyu, ta sa rigarta mai furanni ta zuwa biki. Ta soya bangus guda, mai kitsen ciki irin wanda Weng ke so, ta zuba da shinkafa a roba ta naɗe da tawul. Ta hau jifni, motar hayarsu, zuwa tasha, ta shiga jirgin ƙasa, ta sauya wani a Cubao. Da ta sami wurin zama sai ta sake buɗe shafi na shida, ta zuba masa ido kamar zai ji kunya ya yi mata bayani.

"Gafara dai, Nanay," in ji wata murya daga samanta, irin kiran da ake yi wa uwa. "Ba sa ido nake ba, amma tun da muka taso kike shafi ɗaya."

Ta ɗaga kai. Kada ne tsaye a kanta. Mutum ne dai, mai kimanin shekara arba'in da biyar, da ɗan tumbinsa, amma daga wuya zuwa ƙafa koren kaya ne mai ɓawo-ɓawo, ido ɗaya a rufe da baƙin ƙyalle, ga wutsiyar soso ya naɗe a hannu don kada ƙofa ta kama.

Ta matsa. "Zauna mana, ga wuri."

"Ba hali. Wutsiya."

"Kai kuma waye a cikin na littafin nan?"

"Kada Mai Ido Ɗaya. Amma na Duniya ta Huɗu, kafin ya tuba."

"A gida fa?"

"Efren. Likitan haƙori ne ni, a Pasig."

"Matarka ta ga ka fito haka?"

"Ita ta ɗinka wutsiyar."

Aling Pasing ta yi dariyar da rabonta da ita tun shekaranjiya. Ta miƙa masa littafin. "To Dokta, taimaka min. Kafin mu sauka ina so in san abin da ke cikin nan."

Efren ya gyara tsayuwa kamar wanda aka daɗe ba a tambaye shi abin da ya sani ba. "Abin ba wuya. Duniya bakwai ce, ko? Kowacce da Ɗan Guguwarta. Na farkon ya mutu..."

"Allah Ya ji ƙansa. To wa ke nan a shafi na biyu?"

"Shi ne. Ya dawo."

"Daga ina?"

"Ai bai mutu sosai ba."

"Dokta, shekara talatin ina sayar da kifi, ban taɓa ganin wanda bai mutu sosai ba."

"Nufina, ransa yana ajiye a cikin ƙararrawar Sarkin Gishiri. Shi kuma Sarkin Gishiri ƙanin Uwar Garwashi ne, amma ba ita wannan ba, ta Duniya ta Biyar, wadda ta auri..."

"Kuskure ne, Kuya," wato yaya, in ji wata mata da ke gefe da jariri a cinya, ba ta ko ɗago kai daga gyara masa hula ba. "Ta Duniya ta Shida ce ta yi aure. An gyara wannan tun bara."

"Wannan gyaran ba ya cikin lissafi. Mafarki ne."

"Mafarkin wa?"

"Na Sarkin Gishiri."

"Wanda ya mutu?"

"Bai mutu sosai ba!"

Suka kaure da gardama, jaririn na kallon wutsiya. Efren ya ciro katin asibitinsa ya fara jera wa Aling Pasing sunayen littattafan da ya kamata ta fara karantawa. Ya cika kati ɗaya, ya ciro na biyu. Mai jaririn tana cewa ya tsallake uku. Da suka kai ashirin da uku, Aling Pasing ta daina saurare. Ta karɓi littafinta da katunan biyu, ta ce a ranta an gama, a tasha mai zuwa za ta sauka ta koma gida, ta yi wa Weng waya ta ce gwiwa ce ta tashi. Ta shiga juya shafuka haka kawai, kamar mai ƙirga ganye. Wuta, hayaƙi, gine-gine na rushewa, mutane goma sha a sama kowa bakinsa a buɗe.

Sai ta iso wani wuri da hayaniyar ta ɗauke.

Shafi huɗu ne, babu kalma ko ɗaya. Wata dattijuwa mai jan gashi ta iso ƙofar wani ɗan gida, ta cire takalma a waje. Ta wanke shinkafa, ta ɗora tukunyar a tafin hannunta har ta nuna. Ta zuba faranti biyu. Ta ci nata. Ɗayan ta kife shi da kwano, ta ja kujera ta zauna tana fuskantar ƙofa, hannunta ɗaya a kan kwanon don kada abincin ya huce. Shafin ƙarshe hoto ɗaya ne sau shida: ita, kwanon, ƙofar. Hasken taga kaɗai ke matsawa a ƙasa.

Kwanon ma Aling Pasing ta san shi. Kore ne, bakinsa ya ɗan ɓalle ta gefe ɗaya. Da shi take rufe wa Weng abinci duk ranar da ta makara a asibitin koyon aiki. Abin da Weng ba ta sani ba, bayan tafiyarta sai da aka yi wata guda ana kife kwanon nan kullum.

"A, waɗannan," in ji Efren yana leƙowa. "Mu da muka samu littafin tun Laraba an yi ta ƙorafi a kansu. Shafi huɗu babu naushi ko ɗaya. Uwar Garwashi ce. Don ki gane wadda take jira sai kin karanta fitowa ta..."

"Na san wadda take jira."

Ta rufe littafin, ta ɗora yatsa kan suna na biyu. "Wannan 'yata ce."

Efren ya ɗaga baƙin ƙyallen da ke idonsa don ya duba ta da ido biyu. Wutsiyar ta suɓuce masa ta faɗi kan ƙafar wani. "R. Macaraeg? Ke kika haife ta? Nanay! Ni fa ban yi ƙorafi ba, wasu ne suka yi!"

Ba ta sauka a tasha mai zuwa ba.

A ƙofar zauren taron, can saman wani katafaren kanti, mai gadi ya zura sanda a jakarta ya daki robar.

"Mene ne wannan, Nanay?"

"Soyayyen bangus."

"Ba a shiga da abinci."

"Nawa ne, maigida," in ji Efren da sauri. "Cikin kayan shigar yake. Ka taɓa ganin kada ba kifi?"

Mai gadi ya dube shi daga sama har ƙasa, ya kau da kai yana danne dariya, ya ɗaga musu hannu.

Ciki kuwa kasuwa ce sak, sai dai babu ruwa a ƙasa. Rumfuna jere, masu saye na taya, masu fukafukai da masu ƙaho na bin layin sayen ruwan sanyi. Ta ƙirga Ɗan Guguwa tara kafin su kai gaba, ɗaya ma mace ce. Efren na gaba yana kaɗa wutsiya ana darewa, har ya samo mata kujera a layi na uku.

Ga Weng can kan dandamali. Ta aske gashinta gajere, ta kuma rame, ko kuwa rigar ce ta yi mata yawa. Tana zaune tana murza alƙalami a yatsu, yadda take yi tun tana firamare in an ce ta tashi ta yi karatu. A damanta marubucin ne, Arnel, mai hular hana-sallah da murya kamar ta mai tallan magani. A hagunta wata mata ce mai furfura da tabarau a rataye, aka gabatar da ita a matsayin Gilda, editar kamfanin. Weng ta hango uwarta. Alƙalamin ya tsaya. Ta ɗaga yatsu biyu kaɗan, Aling Pasing ta ɗaga jakarta kaɗan.

Aka yi jawabai, aka yi tafi. Arnel ya yi bayanin yadda ya shekara uku yana ƙulla zaren jarumai goma sha huɗu wuri ɗaya. Da aka zo tambayoyi, wani mutum ya tashi daga baya ya ce matarsa tana so ta fara karatu, amma bai sani ba ko wanda bai taɓa buɗe komiks ba zai iya farawa da wannan.

"Ƙwarai kuwa!" in ji Arnel. "Don irinsu na rubuta shi. Ka ɗauko kowa daga kan titi, ka ba shi, zai bi labarin tiryan-tiryan."

Gilda ta cire tabarau ta shiga goge shi.

Sai kada ya miƙe. "Ga shaida nan! Mahaifiyar mai zanen ce, yau ta fara karantawa!"

Aling Pasing ta ja wutsiyarsa, amma aikin gama ya gama. Zauren ya ɗauki tafi, wata ta zo da gudu ta danƙa mata abin magana. Arnel ya miƙe tsaye don murna.

"Nanay! Barka da zuwa! Gaya musu da bakinki, yaya kika ga labarin?"

Ta tashi. Abin maganar ya fi wuƙarta nauyi. Kalma uku kawai ake nema a wurinta, ya yi kyau, a yi tafi ta zauna, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ta dubi Weng. Weng ba ta kallon jama'a, ba ta kallon Arnel, ita take kallo, irin kallon mai jiran a ɗora kaya a sikeli.

"Ɗana," ta ce wa Arnel, "ka yi haƙuri. Ban gane ba."

Wani ya fashe da dariya daga baya, saura suka bi.

"Na yi ƙoƙari. Tun asuba nake fama. Na tambayi maƙwabcina, ya ce shi kwakwa ya sani. Na tambayi likita," ta nuna Efren, "ya rubuta min littafi ashirin da uku. Ga katin nan, har biyu." Ta ɗaga su. Dariya ta ƙaru. "Ni kifi nake sayarwa. In baƙuwa ta zo rumfata ba ta san kifi ba, ba na ce mata ta zaga rumfa ashirin da uku tukuna ta dawo. Cewa nake, wannan na suya ne, wannan na miya, wannan yana da ƙaya, ki kula da yara. Shi ke nan ta saya. In ta ji daɗi, gobe da kanta za ta tambayi sunansa."

Aka yi tafi har da fito. Gilda ta mayar da tabarau tana kallon Arnel da wani murmushi. Shi kuwa ya cire hula ya sosa kai. Amma Weng ta sunkuyar da kai, kunnuwanta sun yi ja. Aling Pasing ta zo gyara ne, ga shi tana neman ta ɓata a gaban mutum ɗari uku, da masu ba 'yarta aiki.

Mai karɓar abin magana ta miƙo hannu. Ba ta sakar mata ba.

"Ban gama ba. Akwai wurin da na gane." Ta buɗe littafin da hannu ɗaya, ta ɗaga. "Nan. Wurin da aka ce babu naushi. Ban san sunan matar nan ba sai a jirgi, ban san daga wace duniya take ba, ban karanta fitowa ta talatin da bakwai ba. Amma na san ta yi magana mai zafi, na san wadda ta yi wa ta tafi, na kuma san ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, sai da shinkafa." Ta yi gyaran murya da ƙarfi kamar mai korar ƙuda. "Wanda ya zana wannan ya san aikinsa. Abin da zan ce ke nan."

Ta zauna da sauri. Wannan karon tafin bai zo nan take ba, da ya zo kuma ya daɗe. Efren ya ɗaga baƙin ƙyallen yana share ido.

Bayan an tashi aka ja dogon layi na masu son a sa musu hannu. Aling Pasing ta tsaya gefe da jakarta, tana kallon yadda mutane manya da gemunsu ke miƙa wa 'yarta littafi da hannu biyu. Da yawa shafin kwanon suke buɗewa. Gilda ce ta fara zuwa wurinta, tana jan Arnel ta hannun riga.

"Nanay, wata shida ina roƙon mutumin nan ya bar ni in sa shafi biyu a farko, a ce wane ne wane. Ya ce raina masu karatu ne."

"Ban ce raini ba," in ji Arnel. "Cewa na yi zai rage armashi." Ya juyo ga Aling Pasing ya kama hannunta ya kai goshinsa. "Kin kashe ni a gaban jama'a, Nanay."

"Ba ka mutu sosai ba."

Arnel ya yi dariya har da riƙe ciki. Gilda ta ce littafi na biyu zai tafi wurin bugu nan da wata biyu, ko za ta yarda a kawo mata ta fara dubawa?

"Ku kawo ranar Talata, kasuwa ba ta cika. Ku sa shi a leda."

Sai wajen huɗu da rabi layin ya ƙare. Weng ta taso tana yarfa hannu, ta tsaya gaban uwarta. Suka dubi juna.

"Nay, kin kunyata ni."

"Shi ya tambaya."

"Mutum ɗari uku, Nay."

"Da na ce ya yi kyau fa?"

"Da na ji haushi," in ji Weng. Ta dubi jakar. "Me nake jin ƙamshinsa?"

A bayan teburin, tsakanin kwalayen littattafai, ta zauna a ƙasa ta buɗe robar. Ta fara da kitsen cikin, da hannu. Aling Pasing na tsaye a kanta tana kare ta daga idon mai gadi.

"Ba kya cin abinci a Cubao ɗin nan?"

"Ina ci."

"Taliyar leda ba abinci ba ce. Kuma wa ya yi miki wannan askin?"

"Ni na yi."

"Ya nuna."

Weng ta ce za ta raka ta tasha kawai, don akwai liyafar kamfani da yamma. A tasha ta ce bari dai ta shiga jirgin, ai hanyarsu ɗaya har Cubao. A Cubao suka sauka tare, Weng ta tsaya tana kallon matakalar da za ta fitar da ita unguwarsu, ta ce gwiwar nan ba za ta iya hawa jirgi na biyu da jaka ba, ta karɓi jakar, wadda babu komai cikinta sai roba da tawul. Aling Pasing ta sakar mata ba gardama, don kada abin ya tashi.

Da suka sauka daga jifni a bakin layinsu, sai ga Aling Pasing ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta warke.

"Nay, saurin me kike?"

"Shida da rabi ta kusa. Yau za a buɗe wasiyyar."

"Wace wasiyya?"

"A wasan talabijin ɗina mana."

Ta buɗe ƙofa, ta kunna akwatin tun ba ta ajiye makulli ba. Wata mata cikin farar riga tana kuka a bakin kabari, wata mai kama da ita sak tana leƙenta daga bayan bishiya. Weng ta tsaya a bakin ƙofa, takalmi a ƙafa.

"Wace ce wannan?"

"Marisol. Ba wuya, yanzu za ki gane. Kabarin nata ne."

"Nata? Ga ta tsaye."

"Ai ba ita aka binne ba, direbanta ne. Waccan ta bayan bishiyar kuma ba 'yar'uwarta ba ce, kishiyar uwarta ce da aka yi wa aikin fuska a Hong Kong, bayan gobarar farko."

"Akwai ta biyu?"

"Uku ne. Amma ta biyun ba a ƙirga ta, don lokacin Marisol ta manta ko ita wace ce."

"Nay. Tun yaushe ake wasan nan?"

"Shekara huɗu kawai. Yi shiru, ga lauyan nan. Shi ne ubanta, amma bai sani ba."

Wayar Weng ta yi ƙara a aljihu, ta duba, ta kife ta kan tebur. Ta sunkuya ta kwance igiyar takalminta, ta ajiye su a waje, ta zo ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar uwarta.

"To fara min daga direban," ta ce.